Kofi na Uku

Agege, Legas
14 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga taubashiyata Malama Raliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da 'yan makarantarki da kike zanewa ba gaira ba dalili. Yaya kumburin ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, maiɗakina Laila ta warware daga zazzaɓin, yara suna gaishe ku.

Kamar kullum, takarda biyu ce a ambulan ɗin da Lado direba zai kawo. Ƙaramar ta Inna ce, ki karanta mata. Wannan taki ce, in kin gama ki sa ta a murhu.

Kin ishe ni da tambayar wane aiki nake yi har aka daina sa ni dakon kwali. To ki ji. Inna ta san ni da tsaron siton kayan gwangwani a Ikeja, kuma ba ƙarya na yi mata ba, akwai gwangwanin. Sai dai rabin siton giyar inabi ce ta Turawa, wadda maigidana Oga Matos, wani tsoho ɗan Fotugal, yake shigowa da ita don manyan otal. Shekara shida ina ɗauka ina jerawa, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Bara aka yi masa aiki a maƙogwaro, tun daga nan hancinsa da harshensa suka mutu. Barkono da sukari duk ɗaya ne a wajensa. Mai wannan sana'a in aka san ba ya jin ƙamshi an gama da shi, shi ya sa yake ɓoyewa. Ran nan ya buɗe wata kwalba zai zuba wa baƙo, ina wucewa na ce masa a kunne, Oga, wannan warin jiƙaƙƙen buhu take yi. Ya tsaya yana kallona. Ashe toshiyar kwalbar ce ta ruɓe ta lalata abin da ke ciki. Tun ranar ni ne hancinsa.

Kin san inda na samo hancin. Tun ina shekara biyu da Inna ta ɗauke ni riƙo bayan rasuwar mahaifiyata nake zaune gindin kwalaben humrarta. Ta kan ɗaure mini ido da ɗankwali ta ce in rarrabe sandal da hawi, in faɗi farcen humrar da ya gasu da wanda ya ƙone. In na kuskure, ranƙwashi.

Kar ki fara wa'azi. Sansanawa kawai nake yi, ko leɓena ba ta taɓa ba. Yanzu Oga yana jiran samfurin wata iri mai zaƙi da suke kira fot, ta inabin shekarar 1997, daga gidajen giya uku na ƙasarsu. Ya ce irin wannan shekarar ba ta zuwa sai jefi-jefi, kuma ɗaya zai zaɓa ya yi oda. Bacci ma ya daina yi saboda ita.

Ki gaida kowa. Ki rage faɗa, ko Allah ya sa wani ya yi kuskure ya sake aurenki.

Naki,
Harisu

*

Kura
5 ga Disamba, 1999

Harisu,

Bayan gaisuwa. Ba ni da bakin wasa yau. Kana raye?

Mun ji rikicin da ya tashi a kasuwar Mil Sha Biyu ta Legas a rediyo, sannan muka gani da idonmu. Motoci biyu suka sauke mutane a tasha, wasu ko takalmi babu. An ƙone motar Lado, shi da kansa sai jiya ya iso a motar wani, kuma ya ce ranar da abin ya tashi ya gan ka a kasuwar, ka zo karɓar saƙon Inna, daga nan bai ƙara ganinka ba. Ban gaya mata wannan ba. Na ce mata Agege da nisa da wurin, ta ce, “To me ya hana shi rubutowa?” Tun da idonta ya tafi kunnenta ya ƙaru, ko ƙarar babbar mota ta ji sai ta tashi zaune.

Kumburin ƙafar ya haura har gwiwa. Likita ya ce zuciya ce, ya hana ta gishiri, ita kuma ta ce a bar ta ta ci abincin mutane. Azumi ga shi ya zo, ta ce sai ta yi.

Batun takardarka, na sa ta a murhu kamar yadda ka ce, amma ba ta ƙone a raina ba. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, shi ya sa nake jure maka abin da ba zan jure wa wani ba, amma wannan ya yi yawa. Matar nan ta gyara maka hanci da hannunta, kai kuma ka ɗauka ka kai shi bakin kwalbar giya. Yau sansanawa, gobe fa? Nan garin ba maganar da ake yi sai ta shari'a, an ce Zamfara ta fara, mu ma tana tafe. In wannan zance ya fito, ba kai za a nuna da baki ba, ita za a nuna.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. In kuma ka mutu, Allah ya isa tsakanina da kai.

Raliya

*

Agege, Legas
16 ga Janairu, 2000

Taubashiyata,

Gaisuwa da barka da Salla. Ina raye, ki janye Allah ya isanki. Saƙon baki da na aiko ta hannun mai albasa na san ya isa, amma takarda ba na ba kowa sai Lado, shi kuma sai yanzu ya sami wata motar. Laila da yara lafiya. Allah ya ba Inna sauƙi.

Ranar nan da ƙyar na sha. Wata Bayarabiya mai kemis ta tura ni bayan kantarta ta ja ƙofa. Da wayar shagonta na kira Oga. Ban ce ya zo ba, na ce ne ya gaya wa Laila inda nake, ko da za a nemi gawa. Tsohon nan mai shekara saba'in da huɗu ya tuƙo motar sito da kansa, ya kwantar da ni a baya ya jera kwalaye a kaina. Sau uku samari suka tare mu da adduna. Ina jin muryarsa yana cewa giya ce kawai, ku ɗauki kwali ɗaya. Abin da na hango ta tsakanin kwalayen ba zan rubuta shi ba.

Na faɗa miki wannan ne don ki fahimci na gaba.

Samfurin ya iso cikin azumi. Oga ya ce wannan ba ta hanci kaɗai ba ce. Fot ɗanya ce, shekararta biyu, ba don a sha yanzu ake sayenta ba. Ajiye ta ake yi shekara ashirin ko talatin ta tsumu, kuma ba a sanin wadda za ta jure sai a baki. Ya ce a ƙasarsu masu wannan aiki kurɓa suke yi su tofar a bokiti. Bai tilasta ni ba. Ya dai ce, “Harisu, ba ni da wani bakin sai naka.” Na ce ya bari azumi ya wuce. Mutumin da ya shiga wuta ya fito da ni, da wane ido zan ce masa a'a?

Jiya Asabar da hantsi muka yi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur kusa da taga, kofin gilashi uku, ruwa, busasshen burodi, da bokiti. Ya ce in karkata kofin in duba. Raliya, baƙa ce wuluk, sai a gefe-gefe take ja da shuɗi-shuɗi kamar ruwan marina, in an juya ta sai ta manne a jikin gilashin tana gangarowa a hankali.

Ta farko ƙamshinta a buɗe yake, zoɓo da dabino. A baki zaƙi ne lallausa, ba ta da faɗa. Na tofar na ce, Oga, wannan ta gama nuna abin da take da shi, shekara goma ba za ta kai ba. Ta biyu ina kai hanci zafi ya doke ni. Sukan zuba mata wani ruwa mai ƙarfi don ya tsayar da zaƙin, to a wannan bai shige ta ba, yana gefe yana ƙuna shi kaɗai. Na ce wannan haɗin bai kama ba, kuma ba na jin zai kama.

Ta uku da farko ban ji komai ba, a rufe take ruf. Ya ce in juya in jira. Sai ta fara fitowa kaɗan-kaɗan: ɗinya cikakkiyar nuna, kanumfari, masoro, can ƙasa kuma ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Da na kurɓa, bauri ya kama mini baki gaba ɗaya, dasashina ya bushe, harshena ya yi kamar na tauna ɗanyar kanya. Na kusa cewa ba ta da kyau. Amma a ƙarƙashin baurin zaƙi na nan a tsaye, da ɗan tsami mai riƙe shi, ba wanda ya danne wani. Sai na tuna sabuwar humrar Inna ranar da aka haɗa ta, mai hawa kai, wadda baƙo zai ce an ɓata, ita kuwa ta rufe ta tura ƙarƙashin gado ta ce a ba ta wata shida. Ɗuminta kuma yana sauka a hankali har ƙirji, ya daɗe bai tafi ba. Na ce, Oga, wannan ce. Ya rubuta. Ya ce ba zai kai lokacin shanta ba, amma ba za a ce Matos ya yi zaɓen banza a ƙarshensa ba.

Tofarwa ake yi, na faɗa miki. Haƙorana dai sun yi baƙi, sai da na ci goro biyu kafin in shiga motar haya ta danfo, kar Laila ta gani.

Ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai ke. Ki zage ni, amma ki ƙone ta.

Harisu

*

Kura
24 ga Janairu, 2000

Harisu,

Bayan gaisuwa, ka zauna kafin ka karanta.

Ranar da Lado ya iso ba na gari. An kira mu Kano tantance malamai, kwana uku muna layi a rana. Da bai same ni ba sai ya yi abin da kowa zai yi, ya ba babbar gida ambulan a hannunta. Wata biyu matar nan tana jiran takardarka, kana ganin za ta jira ni? Ta aika aka kira maƙwabcinmu Malam Zulkifilu. Ya karanta ƙaramar. Ta shafa ambulan ta ce akwai saura. Ya fara, da ya ga inda zancen ya nufa ya tsaya ya ce wannan ta Malama ce. Ta ce, “Ɗana ne ya rubuta, karanta.” Akwai mata uku a ɗakin sun zo sayen humrar biki. Ba sai na gaya maka sauran ba, kafin magariba har mahauta sun ji.

Kar ka zagi Malam, shi ya fi kowa jin kunya. Ni ma kar ka zage ni, sau nawa na ce ka daina haɗa takardun a ambulan ɗaya?

Da na dawo na same ta ta sa an fitar da shayi da madara da atamfar da ka aiko, an ajiye a zaure. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sa an kwashe kwalaben humra an kai wa Kalsum 'yar ɗakinta, ta ce ta bar sana'ar. Na yi ta ba ta haƙuri, na ce Baturen nan ran Harisu ya ceta, na ce tofarwa ake yi, ga shi nan a rubuce har sau biyu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Na ji. Ta farko ya ce ya tofar. Ta ukun ya ce ɗuminta ya sauka har ƙirji. Abin da aka tofar yana sauka ƙirji?”

Ka ji, Harisu. Ni da na yi karatu na karanta takardar sau uku ban lura ba, ita ji ɗaya ta yi mata.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa. Ka zo ka durƙusa a gabanta ka gaya mata da bakinka ko ka haɗiye ko ba ka haɗiye ba. Kafin nan ba za ta ci abin da ya fito daga hannunka ba, kuma ba za ta sa maka albarka ba. Na ce ko ta ce ta yafe, ta ce ba ta san abin da za ta yafe ba tukuna.

Numfashinta ya fara sama-sama, a jingine take kwana. Ka biyo Lado.

Raliya

*

Agege, Legas
1 ga Fabrairu, 2000

Raliya,

Na sami takardarki. Muna lafiya, in wannan lafiya ce.

Sau biyu na rubuta miki zagi na yaga. Tantancewar me? Gwamnatin da ba ta san malamanta ba sai ta jera su a rana? Da kina gida da duk wannan bai faru ba. Amma na san ba ke ba ce, ba Lado ba ne, ba Malam ba ne.

Na haɗiye.

Ba kuskure ba ne, ba ta sulluɓe mini ba. Oga ya ce in riƙe ta a baki in ga iya daɗewarta. Bokitin na nan kusa da ƙafata. Na dube shi, na ji ba zan iya zubar da abin nan a cikinsa ba. A duk abin da hancina ya taɓa gamuwa da shi ban ga haɗin da ya kai ta ba, kuma na so in san ƙarshenta. Kurɓi ɗaya ne. Oga bai ma lura ba, yana rubutu. Da a ce tilasta ni aka yi da na sami abin faɗa, amma so na yi, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yau in na tuna ta yawuna yana tsinkewa. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na gaya wa Oga ba zan ƙara ba, ko sansanawa. Ya ce ya gane. Ya koma ofis ya rufe ƙofa, ni kuma na koma dakon kwali.

Na je wajen wani malami a nan Agege na ce masa abokina ne abin ya faru da shi. Ya ce wanda ya sha, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa, amma ya tuba ya ci gaba da yi. Raliya, in Ubangiji bai karɓi tsayuwata ba, da wace fuska zan durƙusa gaban Inna? Kuma kin san hancinta. Ina shiga zaure za ta ji ta a jikina, na tabbata, ni kaina ina jin ta a zufata. Na ƙirga, arba'in za ta cika ran Alhamis, ashirin da huɗu ga wata. Ran nan zan hau mota, in zo mata da tsarkina.

Kafin nan ga takardarta. Ba gaisuwa ba ce wannan karon. Na faɗa mata gaskiya duka, na ce na haɗiye da sanina, na ci amanar abin da ta koya mini, na roƙe ta ta yafe mini don Allah ba don halina ba. Ki karanta mata ita yadda take, kar ki gyara ko kalma ɗaya. Ta sha ranƙwashina a kan ƙarya, ba ta taɓa dukana a kan gaskiya ba.

Harisu

*

Kura
8 ga Fabrairu, 2000

Harisu,

Gaisuwa. Jikin Inna ba daɗi, kunu ma sai cokali uku.

Ban karanta mata ba. Na ce mata Lado bai zo da komai ba. Likita ya ce kar a tayar mata da hankali, kai kuma ka aiko mini da wannan ka ce in zuba mata a kunne. Kai kana can kana ƙirga kwana, ni ce zan ga fuskarta. In numfashin ya tsaya ina tsakiyar karatu, wa ya kashe ta?

Kuma wane malami ne ya ce maka mai laifi ba ya zuwa gaban uwarsa sai ya yi arba'in? Ya ce ba a karɓar salla, bai ce ba a hawa mota ba. Wannan kai ka ƙara da kanka don kunya ta hana ka zuwa. Cewa ta yi ka zo ka faɗa da bakinka, ba ta ce ka zo da tsarki ba. Kullum da la'asar sai ta ce a gyara tabarmar ƙofar ɗakinta.

Ka taho yadda kake.

Raliya

*

Agege, Legas
14 ga Fabrairu, 2000

Raliya,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba da lada.

Na je tasha ran Asabar da jakata. Na biya kuɗin mota, na zauna, aka kusa cika, na sauka. Ki kira shi kunya, ki kira shi abin da kika ga dama, ƙafata ce ta ƙi. Kwana goma ya rage. Inna ta ga abin da ya fi wannan ciwon ta tashi.

Ki karanta mata takardar, na haɗa ki da Allah. Ba taki ba ce da za ki riƙe. In ta ji daga gare ni tun yanzu, ranar da zan zo zuciyarta ta riga ta huce. Abu ɗaya na roƙe ki a duniya.

Harisu

*

Kura
19 ga Fabrairu, 2000

Harisu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu jiya Juma'a da hantsi, an kai ta bayan an sauko daga masallaci. Ta cika ina laƙƙana mata kalmar shahada, kanta a cinyata. Mutane sun taru sosai. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Akwai abin da dole ka sani, kuma gara ka ji shi a takarda don ba zan iya faɗarsa ina kallonka ba.

Ran Alhamis da la'asar ta ji muryar Lado a zaure. Ba yadda zan yi in ce bai zo da komai ba. Ta ce in zo in karanta. Na ɗauko takardar da ka rubuta mata, na zauna a bakin gado, na buɗe. Na ga layin farko, na dubi yadda ƙirjinta yake hawa yana sauka da ƙyar. Sai na ji bakina yana cewa, “Inna, ina gaishe ki. Wallahi ban haɗiye ba, tofarwa na yi. Zancen ƙirji kuskuren rubutu ne. Ina nan tafe ran Alhamis mai zuwa.”

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta shafa ta gaba da baya, ta ji shafi biyu ce cike. Ta ce, “Raliya, ba ki tsallake komai ba?” Na ce a'a. Ta ce, “Duba dai.” Na ce babu komai, Inna, sauran gaishe-gaishe ne.

Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta ce in kira Malam Zulkifilu ya zama shaida. Da ya zo ta ce, “Idan Harisu bai haɗiye ba, na yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka.” Malam ya ce, Inna, a cire idan ɗin mana, ɗa ne. Ta ce, “Abin da aka kawo mini shi na yafe. Wanda ba a kawo ba, ban san shi ba.” Ta juya fuskarta bango. Ba ta ƙara maganarka ba.

Ta sani, Harisu. Sau biyu ta buɗe mini ƙofa, takardar tana hannunta, roƙonka yana ciki da rubutunka, ni kuma na rufe. Na ce a raina gobe in ta ɗan sami ƙarfi zan karanta mata ta gaskiyar. Da safe na tafi ɗebo mata ruwan zafi, na dawo na tarar harshenta ya riga ya yi nauyi. Na karanta mata a lokacin, da ƙarfi, tun daga farko har sa hannunka. Idonta a buɗe yake, amma ban sani ba ko ta ji. Na yi ta cewa Inna ki ɗaga yatsa in kin yafe. Ba ta ɗaga ba, ba ta kuma hana ba.

Mutanen gari sun ji cewa ta yafe maka, Malam ya sanar a wajen zaman makoki, kowa yana cewa alhamdu lillahi. Ni da kai kaɗai muka san abin da ta yafe. Na yi maka ƙarya don in cece ka, sai na hana ka abu ɗayan da ka roƙa. Ina jin haushin kaina, kuma ina jin haushinka, don da ka zauna a motar nan ran Asabar da ba a kai ga bakina ba. Ban ce ka yafe mini ba, ban ga da me zan roƙa ba.

Lado zai juya gobe da asuba, shi zai kawo maka wannan. Ba sai ka yi gaggawa ba yanzu. Ka zauna ka cika kwanakinka biyar.

Raliya